Amsoshin Tambayoyinku: Rigakafin Tsofaffi a Lokacin Hunturu

Wani mai sauraronmu daga Malumfashi ya rubuto yana tambaya ko akwai allurar da za ta tsare mahaifinsa, dattijon da ya haura shekara 70, daga tarin da ke kwantar da shi duk sa'ad da hunturu ya kama.

To, Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Haƙiƙa akwai allurai iri biyu, ɗaya ta mura mai tsanani, wadda ake sabuntawa kowace shekara domin ƙwayar cutar tana sauya kamanni, ɗayar kuma ta ciwon haƙarƙari, wato nimoniya, wadda amfaninta ke daɗewa. Ta nimoniyar nan ta shiga rigakafin jarirai a Nijeriya tun 2014, amma ta tsofaffi sai mutum ya nema da kuɗinsa, galibi a asibitoci masu zaman kansu na manyan birane, kuma likitoci sun fi kwaɗaitar da wanda ya kai 65, ko mai ciwon sukari, asma ko ciwon zuciya.

Sai dai allura ba ta kore ƙurar sussukar dawa da ta auduga da ke turnuƙe yankinku daga Nuwamba, balle hayaƙin kaskon wuta da dattijo ke kwana da shi cikin ɗaki rufe, ga buhunan masara jibge a gefen gado. Wannan al'ada ta kwana da kaskon wuta, a ganina, ita ce mafi cutarwa.

Idan kuwa ka ga numfashin Baba yana sauri, da zazzaɓi da ciwon ƙirji, ko hankalinsa ya fara gushewa, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, ka garzaya da shi Babban Asibitin Malumfashi a ranar.