Gwiwar mahayin doki

Yara, garinmu Kelle yana ƙasar Kutus, arewa da Gure, cikin jihar Damagaram. A nan doki abin daraja ne. Ran salla kun sha ganin mahaya suna sukuwa, su ja linzami, doki ya yi zamiya, ƙura ta tashi. Amma in mahayi ya faɗi ƙafarsa na cikin likkafa, ko ya diro a karkace, gwiwarsa tana iya murɗewa. Yau za mu koyi abin da ke faruwa cikin gwiwa, da yadda ake komawa kan sirdi bayan aikin likita.

Mene ne cikin gwiwa?

Kowa ya taɓa gwiwarsa. Ƙasusuwa 3 suka haɗu a nan: ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwa. Jijiyoyi 4 masu tauri suka ɗaure cinya da ƙwauri, kamar yadda majayi ke riƙe sirdi. Ba jijiyoyin jini ba ne. Biyu suna gefe, biyu suna can ciki, sun gicciye juna. Ta gaba cikin masu gicciyen tsawonta kamar santimita 3 ne. Ita ke hana ƙwauri zamewa gaba.

In jijiya ta tsinke

Sau da yawa mutum yakan ji wata ƙara cikin gwiwa. Kafin dare ta kumbura. Bayan kumburi ya saɓe yana iya tafiya, amma da ya juya sai gwiwa ta saki. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafar, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi. Kada a yi sakiya ko tsaga, don ƙwayoyin cuta suna iya shiga gaɓar. Maɗori ya iya ɗora ƙashin da ya karye, amma hannunsa ba ya kai ga jijiyar da ke ciki. A tafi gidan likita. In abin ya fi ƙarfinsu, su tura Gure, daga nan babban asibitin Damagaram ko Yamai.

Aikin likita

Jijiyar gefe takan warke da kanta cikin makonni, in an ɗaure gwiwa. Ta ciki kuwa da wuya ta haɗe, don jini kaɗan ke zuwa mata. Ba kowa ake yi wa aiki ba. Amma in gwiwa tana yawan saki, likita yakan yanko wata jijiya daga ƙafar mutumin, daga ƙarƙashin ƙoƙo ko bayan cinya. Ya huda ƙasusuwan biyu, ya zura ta, ya kafe.

Jinya

Da fari ana tafiya da sanduna biyu. Kullum ana miƙe ƙafa, ana lanƙwasa ta sannu sannu, yadda likita ya nuna. Naman cinya yakan rame in ba a aiki da shi, dole a mai da ƙarfinsa.

Ga wurin da mutane da yawa ke yin kuskure. Wajen wata na 2 ko na 3 zafi ya tafi, mutum ya aje sanduna, yana jin ya warke. To, lokacin nan sabuwar jijiya ba ta yi ƙwari ba, ba ta gama kama ƙashi ba. In ya yi sukuwa ya faɗi, tana iya tsinkewa, aiki ya koma baya. Likitoci sukan ce a jira wata 9 zuwa 12 kafin wasa mai tsanani.

Komawa kan sirdi

Ba a hawa sai likita ya ba da izini. Sa'an nan a bi waɗannan matakai:

1. A zaɓi doki mai sanyin hali, wani ya riƙe ragama.
2. A taka dutse ko turmi a hau. Ana hawa ta hagu, don haka nauyi duka kan gwiwar hagu yake sauka.
3. A sassauta igiyar likkafa, kada gwiwa ta lanƙwashe da yawa.
4. A fara da tafiya a fili, ba cikin duwatsu ba. Bayan makonni a yi sassarfa. Sukuwa ita ce ta ƙarshe.
5. Wajen sauka kada a diro. A zamo a hankali kan ƙafa biyu.
6. In gwiwa ta kumbura da dare, a huta, a koma mataki na baya.

Mu riƙe: tafiyar zafi ba ita ce warkewa ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa suka haɗu a gwiwa?
2. Don me jijiyar ciki ba ta haɗewa da kanta?
3. Wanku ya yi wata 3 da aiki, ga salla ta zo, yana so ya hau. Me za ku ce masa?

Aiki

Ku zana gwiwa. Ku rubuta sunayen ƙasusuwan da hausa da faransanci.