Shawara kan wasan intanet da manhajar zana talla

Wasannin intanet na duniyar tatsuniya, irin su RuneScape da ya fito a 2001, inda ɗan wasa ke zaɓen jarumi ya yaƙi dodanni, ana ce musu na kyauta ne saboda ba a biyan kuɗin shiga, amma suna cinye data da caji, kuma da yawansu suna sayar da kayan ado a tsakiyar wasa, don haka ya wajaba matashi ya ƙayyade musu lokaci.

Wayar da ake wasan da ita za ta iya zana tallar dillalin rake a Makarfi ko mai tumatir a Ikara. Canva, wadda ta fito a 2013, tana da shiryayyun zane da ake sauya wa rubutu da hoto, kuma ta wadatar ga tallar WhatsApp. Babban allon shago kuwa sai CorelDRAW a kwamfuta, domin tana gina zane da layuka maimakon ɗigo-ɗigo, shi ya sa harafi ba ya dusashewa komai girman bugu. Kafin a kai wa mai bugawa, a tabbatar salon rubutun yana fitar da ƙ, ɗ da ɓ, domin da yawa ba sa fitar da su.