DARASI: In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Saƙon da na fi samu idan damina ta kama shi ne: "Malam, maciji ya shiga ɗakin kajina, wane magani zan zuba?" Ni kuwa tambayar da nake fara yi ita ce: ina kake ajiye buhun abinci?

Galibi ɓera maciji ke biyowa. Shi kuma ɓera abincin da ya zube a ƙasa ne ya kira shi. Kenan mu da hannunmu muke gayyatarsu. Ga inda matsalar take farawa:

1. Abinci. Buhun dusa ko masara a ƙasa, jingine da bango, ɓera ya samu gida da tuwo. Cikin ɓera sati uku ne kacal ta haihu, shi ya sa biyu suke zama runduna kafin ka ankara. Ka ɗora buhu a kan katako, ka janye shi daga bango, wanda aka buɗe kuma a juye a durom mai murfi. Kada ka cika mazubi har baki, kaji za su watsar. Share wurin kafin magariba.

2. Mushe. Jefa matacciyar kaza ko kifi bayan katanga kiran muzuru ne da tunku da shirwa. Sun ɗanɗana yau, gobe mai rai za su nema. A ƙone ko a binne da zurfi.

3. Ƙwai. Wanda ya kwana a akurki rabon maciji ne da gafiya. A kwashe sau biyu ko uku a rana.

4. Maɓoya. Ciyawa, tarin bulo, itacen girki da tsofaffin tayoyi a jikin keji. Ka bar fili fes, aƙalla taku biyu, kewaye da ɗakin. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta ramin da biro zai shiga, don haka a toshe da siminti, tagogi kuma a sa waya mai ƙananan ido.

5. Masu kifi. Ruwan tanki da kake saki ya kwanta a tsakar gida yana tara kwaɗi, maciji kuma yana cin kwaɗo. Fitilar da ke kwana a kunne saman ruwa ita ma tana tara ƙwari, kwaɗi su biyo. Yi wa ruwan hanya ya fita, ka rufe tanki da raga saboda tsuntsaye, musamman in 'ya'yan tarwaɗa ne.

Abin ya wuce asarar kaza ɗaya ko biyu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abincin mutane. Tsuntsayen daji da ke sauka cin abincin kaji kuma suna iya kawo murar tsuntsaye.

Batun guba, a yi hattara. Kaza kan tsattsagi ɓeran da ya ci guba, ga kuma yara a gida. Tarko ya fi kwanciyar hankali. Kuma ko ka kashe goma, muddin abinci na zube, wasu goman na hanya.

Yau da yamma ka zagaya bayan ɗakin kajinka, ka duba kashin ɓera, ramuka da buhun da aka huda. Me ka gani? Ku faɗa mana mu tattauna.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu.