MAIƘO A ABINCI DA AWON ƘIBA: KOWANE SHEKARU DA MA'AUNINSU

Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, Abuja, tana jan hankalin jama'a cewa maiƙo abinci ne mai ƙarfi ƙwarai. Giram ɗaya na mai yana ba jiki ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da giram ɗaya na tuwo ko shinkafa ke bayarwa. Saboda haka abin da ke gina yaro shi ne kuma ke iya cutar da ubansa.

Jariri nonon uwa zalla ya ishe shi har wata 6, kusan rabin ƙarfin nonon kuwa daga maiƙo yake. Bayan haka cikin yaro ƙarami ne, kunu tsararo ba ya riƙe shi. Ya kamata uwa ta riƙa zuba ɗan man gyaɗa ko manja a abincinsa. Daga wata 6 zuwa shekara 5 ana auna damtsen yaro da wani zare mai launi. In awon ya gaza santimita 11.5, wato ya faɗa a ja, tamowa ta yi tsanani, sai a garzaya asibiti a ranar. Kumburin ƙafafu biyu ba ƙiba ba ne, alamar haɗari ce.

Ga baligi lissafin dabam ne. Ana raba nauyinsa na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Misali, ma'aikaci a Garki mai kilo 80 da tsawon mita 1.6, lissafinsa ya haura 31. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai jawo hawan jini da ciwon sukari, ko da mutane na kiranta alamar hutu. Wannan iyaka ba ta yara ba ce, ba kuma ta mai juna biyu ba.

Tsoho sikeli kan ruɗe shi, domin tsoka na raguwa, kitse na taruwa a ciki, nauyi bai canja ba. A nan awon ƙugu ya fi amfani: namiji ya kiyayi wuce santimita 102, mace 88. Tsohon da ke ramewa ba dalili shi ma a kai shi ga likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin baligi. A rage kitsen nama da man shanu, a daina maimaita mai ɗaya wajen suyar ƙosai har ya yi baƙi. Dokar Hukumar NAFDAC ta 2022 ta hana mugun maiƙon masana'anta wuce giram 2 cikin giram 100 na mai. Mai sayen mai a kasuwar Wuse ko Gwagwalada ya duba lambar hukumar da hoton ido, shaidar an ƙara bitamin A.