DARASIN 'YAN KASUWA: HALAS DA HARAM CIKIN BUHUN HATSI

 Ya 'yan'uwa masu awo da masu sito, da yawa cikinmu suna tsammani zancen halas da haram na mahauta ne, watau yanka da mushe da naman alade. To, ba haka ba ne. Gero da dawa da wake asalinsu halas ne, amma akwai abin da kan shige su a hannunmu har ya hana ci ko ya hana sayarwa. Cikin Suratul Baƙara, aya ta 168, Allah ya haɗa sharaɗi biyu ga abinci, ya zama halas kuma ya zama mai kyau marar cutarwa. Ga mas'ala uku da muke karo da su kullum.

Mas'ala ta farko, ɓera. Ba sito ko rumbun da ya tsira daga gare shi. In an tarar da kashinsa busasshe cikin busasshen hatsi, hatsin bai najastu ba, sai a sheƙe, a tsince, a wanke kafin a kai niƙa. In mushensa aka tarar, a ɗebe shi duk da hatsin da danshinsa ya taɓa, sauran halas ne. Amma abu mai ruwa hukuncinsa dabam. Mun karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaidi cewa in ɓera ya mutu cikin narkakken man shanu ko mai ko zuma, ba a ci. In daskararre ne, sai a yar da ɓeran da abin da ke kewaye da shi, a ci saura, sai fa in ya daɗe a ciki, sa'an nan a zubar duka. An yarda a kunna fitila da irin wannan mai, amma ban da cikin masallaci. Kuma a mashhurin mazhabar Maliku ba a sayar da shi. Saboda haka wanda ya tsamo ɓera daga duron man gyaɗa, ya tace, ya ɗura a jarka ya kawo kasuwa, ya ciyar da Musulmi najasa, kuɗin da ya karɓa kuwa ba nasa ba ne. Rufe bakin duro ya fi wannan sauƙi.

Mas'ala ta biyu, ƙwari da maganinsu. Ƙwaron da ba shi da jini mai gudana, mutuwarsa ba ta najasta abinci, kuma malamanmu sun sauwaƙe ga ƙwaron da aka haifa cikin waken kansa. Watau wake mai huji halas ne, kuɗinsa ne kawai ke faɗuwa. Abin mamaki, don gudun wannan faɗuwa sai waninmu ya ɗauko piya-piya, maganin da aka yi don feshi, ya kwarara cikin wake ya ɗinke buhu. Ya gudu daga abin da shari'a ta yafe, ya faɗa wa abin da ta hana, domin guba haramun ne ko da ba najasa ba ce.

Wannan mun gani da idonmu. Wata shekara wani dillali ya kawo mana wake buhu goma, fari tas, ba huji ko ɗaya, kuɗin kuma da sauƙi. Kwaɗayin riba ya hana mu sansana. Wata tsohuwa mai ƙosai ta auni tiya biyu, kashegari jikokinta suka kwana amai. Allah ya kiyaye ba a yi rashi ba. Muka biya kuɗin magani, ragowar buhunan muka haƙa rami muka binne, amma har yau kunyar tsohuwar nan ba ta sake mu ba.

Ɓarnar ba ta tsaya gida ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan magani da aka samu a ciki. Laifin kaɗan ya shafi kowa.

Alhali ga hanya. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba cikin duron ƙarfe a toshe, ko cikin buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya shaƙe ya mutu, ba digon magani. Wanda kuwa zai sa ƙwayar Phostoxin, ya ƙunshe ta a tsumma don kada garinta ya gauraya da hatsi, kada ya aje buhun a ɗakin da ake kwana, kuma ya buɗe ya sha iska kafin ya fitar. In an sa magani, wajibi ne a faɗa wa mai saye. A Sahihu Muslim an kawo labarin Manzon Allah ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don ya ɓoye aibin. Algus ke nan, ko da ruwa aka yi shi, ko da tsakuwa, ko da magani.

Mas'ala ta uku, wa muke sayar wa? Tun 1988, da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanonin giya suka juyo kan dawarmu, ga kuma masu burukutu tun asali. Fikihunmu ya hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, dawa ma haka take, domin aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakon juna kan saɓo. Amma hukuncin yana kan sani ne. Wanda ya zo Dawanau ya ce a ba shi kaura ko farfara buhu biyar, ba a ɗora maka tuhumarsa ba, wataƙila tuwo ne, ko kunu, ko abincin kaji. In kuwa wakili ya faɗa da bakinsa kamfanin giya zai kai, ko ka san sana'arsa ke nan, to ka bar cinikin ko da ya ɗora naira dubu nawa a kan buhu. Da wuya, mun sani, balle ranar da kasuwa ta yi sanyi. Amma wannan riba ita za ta koma tukunyar iyalinka.

A taƙaice, ka duba, ka sansana, ka faɗi aibi, kuma kada ka auna wa wani abin da ba za ka kai gidanka ba. Abin da ya shige maka duhu ka kai wa malamin unguwarku. Allah ne mafi sani. Allah ya tsarkake mana abincinmu, ya sa albarka cikin mudunmu, amin. Haza wasalam.