Sinadaran Kitse da Sankarar Furostet: Neman Sabuwar Kafar Magani

Gabatarwa

Furostet ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma sankararsa ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mazan Nijeriya. Tun daga 1941, lokacin da Charles Huggins da Clarence Hodges suka nuna cewa ciwon yana dogara ne kan sinadarin mazakuta, rage wannan sinadari ya zama ginshiƙin magani. Sai dai sau da yawa ciwon yakan bijire wa maganin bayan wani lokaci. Wannan maƙala ta dubi wata kafa da masana suka karkata gare ta, wato sinadaran da kitse ke fitarwa.

Kitse Ba Rumbu Kaɗai Ba Ne

An daɗe ana ɗaukar kitse a matsayin ma'ajiyar kuzari kawai. Gano sinadarin leftin a 1994, a ɗakin binciken Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller, da adifonektin a 1995, ya rushe wannan fahimta. Ashe kitse yana aika saƙonni ta cikin jini zuwa sauran gaɓoɓi.

Sinadaran biyu tamkar kishiyoyi ne. Leftin yana ƙaruwa gwargwadon ƙiba, kuma a gwajin ɗakin bincike yana zuga ƙwayoyin sankara su hayayyafa, su kuma samar wa kansu sababbin jijiyoyin jini. Adifonektin kuwa raguwa yake yi a jikin mai teɓa, alhali shi ne ke tayar da sinadarin AMPK mai taka wa girman ƙwayoyi birki. Ga shi kuma kitse ne ke lulluɓe da furostet, don haka saƙon ba ya yin doguwar tafiya.

Inda Gizo ke Saƙar

Hikimar ita ce a toshe makarɓar leftin, ko a kwaikwayi aikin adifonektin, kamar yadda ƙwayar AdipoRon da aka bayyana a Jami'ar Tokyo a 2013 take yi. Amma har yanzu hujjojin sun fi ƙarfi a kan ɓeraye da ƙwayoyin gwaji. Wani abin ɗaure kai shi ne, maganin rage sinadarin mazakuta yana ƙara kitse, amma kuma yana ɗaga adifonektin.

Kammalawa

Ƙiba tana da alaƙa da nau'in sankarar furostet mafi tsanani. Kafin magungunan su kai gadon asibiti, kula da nauyin majinyaci ya cancanci zama ɓangaren jinya, ba nasihar bankwana ba.