Amsoshin Tambayoyinku: Dalilin Ƙaurar Jakunan Dawa a Botsuwana

Wani mai sauraro ya nemi bayani kan abin da ke sa jakunan dawa, waɗannan masu zane-zanen fari da baƙi, suke barin inda ake da ruwa su nausa cikin busasshiyar ƙasa.

Amsar tana ga ciyawa. Da rani, garken waɗannan dabbobi a Botsuwana yakan lazimci wuraren da ruwa ba ya ƙafewa, kamar Kogin Chobe da fadamar Okabango, amma da zarar damina ta faɗi wajen watan Nuwamba ko Disamba, sai su doshi filayen gishiri na Nxai da Makgadikgadi, inda sabuwar ciyawar da ke tsirowa ta fi gina jiki, musamman ga masu shayarwa. Masu bincike da suka rataya wa wasu daga cikinsu na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya sun gano cewa tafiyar Chobe zuwa Nxai ta kai kimanin kilomita 500, zuwa da dawowa.

Babbar barazana ga wannan ƙaura ita ce shingen waya da ake kafawa domin kare shanu daga ciwon baki da kofato. Wani irin wannan shinge ya datse hanyar Okabango daga 1968 har 2004, amma bayan an cire shi sai dabbobin suka koma bin hanyar, duk da cewa waɗanda suka taɓa taka ta sun riga sun mutu. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa gandun daji kaɗai bai wadatar ba, matuƙar hanyar da ke haɗa makiyayar rani da ta damina tana toshe.